Abin da Na Ƙona a Madafar Inna Laraba

Ranar Alhamis, 14 ga watan Yuni, 2001, da hantsi, Ubangiji ya kira surukata, Inna Laraba, matar marigayi Baba Mika'ilu, a gidanta da ke bakin rafi a ƙasar Nariya, ƙaramar hukumar Kibiya. 'Ya'yanta sun ce shekararta sittin da bakwai, ita dai ba ta taɓa ƙirgawa ba. Ina cikin aji aka turo mai acaɓa ya kira ni, kafin mu iso rai ya yi halinsa. Washegari muka binne ta a bayan majami'a, ana yayyafi.

Inna, shekara tara ina auren 'yarki Salamatu, ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarki ba, ke ma ba ki taɓa kiran sunana ba. Malam kike ce mini, shi ma sai in ya zama dole. Haka surukuta take a wurinmu, kuma mun riƙe ta da kyau, har ta yi mana yawa. Yau ne karo na farko da zan yi miki magana kai tsaye, ga shi kuwa ba kya nan. Kin tafi da wani laifi a kanki wanda ba naki ba ne, nawa ne. Saboda shi na ɗauki alƙalami, amma bari in fara da ke tukuna.

Ni a Kano na tashi, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa, aikin koyarwa ne ya kawo ni Kibiya. Ranar da na fara zuwa gidanki neman Salamatu, na ratso ta lambu da takalmina mai ƙyalli, na tsaya a kan wani ɗan fili mai laushi ina jiran a yi mini iso. Kina can bakin rijiya. Sai kika juya ga akuyarki da ke ɗaure, kika ce, "A gaya wa baƙo, abin da ya taka ɗin nan tattasai ne, kwana goma sha biyu ina ba shi ruwa." Salamatu ta yi dariya har ta durƙusa. Tun daga ranar duk saƙon da za ki ba ni, ta bakin akuya ko kaza ko jikanki yake zuwa, kuma ban taɓa kasa ganewa ba.

Lambun nan bai fi faɗin ɗaki shida ba, amma ban san gidan da bai ci daga cikinsa ba a unguwar. Zogale ne shingensa. Ga yakuwa, ga kuɓewa, ga gauta, ga alayyafo, kabewa kuma ta hau kan rumfa. Da sanyin safiya kike ban ruwa, kina rera waƙoƙin sujada ƙasa-ƙasa, kuma ba kya ga maciji da mai ba shuka ruwa da tsakar rana. Mai jego ba ta aiko miki, ke kike aika mata. Baikon da kike kaiwa majami'a ma ganye ne da 'ya'yan gauta a faifai, kina ajiyewa gaban bagade ba tare da jin nauyin masu kawo kuɗi a ambulan ba.

In rana ta take, sai ki jawo keken ɗinkinki na hannu zuwa inuwar rumfa. Ke kika ɗinka mayafin teburin majami'armu, ke kike ɗinka wa zumuntar mata kayansu, kuma ke kike ɗinka wa rabin 'yan matan Nariya kayan Sallah. Bara, da aka ƙaddamar da Shari'a, mu Kiristocin wannan yanki muka shiga zullumi, kowa yana rage murya a kasuwa. A makon ne maƙwabciyarki Iya Barira, wadda katanga ɗaya ce ta raba ku shekara arba'in, ta shigo da jikokinta uku da yadi, ta ce hijabi suke so, ko za ki iya. Na ji ki daga zaure kina cewa, "Barira, in na iya ɗinka miki rigar da ta rufe wannan ƙibar, hijabin yara ne zai gagare ni? Matso da su in gwada." Kafin Kirsimeti kin ɗinka fiye da sittin. Ƙyallen da ya ragu ko kamar tafin hannu ne ba kya yarwa, kwando guda gare ki na ajiyarsa.

Yanzu ga abin da ya kawo ni.

A watan Maris ƙafafunki suka kumbura, numfashi ya soma yi miki wuya, aka kwantar da ke a asibiti a Rano. Salamatu ta tare a wurinki. Mako biyu magani bai kama ba. Ni ne magatakardan ikilisiya, kuma ina jagorantar ƙungiyar addu'a, sai wani daga cikinmu ya raɗa mini cewa kada in manta mahaifinki Bamaguje ne, har ya mutu bai bar tsafi ba, wa ya san abin da ya bari a gidan. Maganar ta zauna mini. A shekarar nan kowa yana wasa addininsa kamar wuƙa, mu ma ba a bar mu a baya ba. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne a nuna mu a ce har yanzu arna ne, sun dai sauya suna.

Ranar wata Asabar da la'asar na ɗauki mutum biyu muka je gidanki yin addu'a ɗaki-ɗaki. Da muka shiga madafa na ɗaga kai, sai na ga waɗansu 'yan ƙunshe-ƙunshe rataye a jikin azara, daidai saman murhu. Kowanne bai fi ƙwai ba, an ɗinke shi ruf ta kowane gefe, hayaƙi ya mai da shi baƙi. Sun fi arba'in. Na latsa ɗaya na ji gari-gari da 'yan ƙwayoyi a ciki. Na ce layu ne. Ban taɓa shiga madafarki ba sai ranar, wane suruki ne yake shiga? Kuma ban ga yadda zan je gadon asibiti in tambaye ki ba, ni da ko gaisuwa sai na durƙusa daga nesa. Muka tsinke su duka muka zuba a kwando, muka hura wuta a tsakar gida, na ƙona su da hannuna, abokan tafiyata suna waƙa.

Iri ne, Inna. Irin shuka ne. Kowace kaka matan unguwa sukan kawo miki zaɓaɓɓen irinsu, domin a gidajensu ɓera zai ci, ko yunwar bazara ta sa a zuba a miya. Ke sai ki gauraya shi da toka, ki ɗinke shi a cikin ƙyallen zanen mai shi, ki rataye inda hayaƙi zai kore ƙwari. Ba ki iya rubutu ba, ƙyallen shi ne sunan. In damina ta kawo kai, ki goge baƙin da babban yatsa, zanen ya fito, ki farke ki miƙa wa kowace nata. A ciki akwai farar gautar da uwar Iya Barira ta zo da ita daga Rurum ranar aurenta, wadda babu ita a kasuwar Kibiya ko ta Rano. Akwai doguwar kuɓewarki mai jan kai. Duk yaron unguwar ya san wannan, sai malamin makaranta.

Da aka sallamo ki, ina tsaye a tsakar gida aka shigo da ke. Kika ce a kai ki madafa tukuna. Kika daɗe kina kallon guntayen zaren da suka rage a azara. Kika fito kika tsaya a kan baƙin tabon da wuta ta bari a ƙasa, kika taɓa shi da sandarki. Na jira ki yi wa akuya magana. Ba ki yi ba. Kika ce, "Sannu da ɗawainiya, Malam," kika shige ɗaki. Salamatu ma ba ta ce mini uffan ba, wata uku tana ajiye mini tuwo tana ɗauke kwano, ashe ke kika hana ta.

Ruwan farko ya sauka a watan Mayu, mata suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Kina zaune a kan tabarma da kumburarrun ƙafafu, kowace ta zo amsa ɗaya kike ba ta: "Wuta ta ci, a gidana. Ki yi haƙuri." Ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma ƙara ko kalma ba. Waɗansu suka ce tsufa ne ya kama ki. Waɗansu suka ce sayarwa kika yi don kuɗin asibiti. Wata ta faɗa a bakin rijiya cewa dama an gaya musu su daina ba Kirista amana. Mata biyu suka aiko aka karɓe yadinsu da ke wurinki ba a ɗinka ba. Duk wannan ya zo kunnena. Kowace Lahadi ina hawa mumbari ina karanta sanarwa, kina zaune a layin gaba da ɗankwalin zumunta, ina ce wa kaina mako mai zuwa zan faɗa. Makonni shida na yi ina faɗin haka.

Kin sa an gyara miki fangali huɗu a lambu, ko da yake babu abin zubawa. Suna nan har yanzu. Ruwa yana sauka a kansu, ciyawa ce kawai take fitowa. Ba na iya bi ta wajen. In na ji ƙarar keken ɗinki daga wani gida sai in tsaya kamar an kira ni. A wurin jana'izarki na ga matan da ba su zo ba fiye da yadda na ga waɗanda suka zo.

Kwana uku da binne ki, da safe, na yi sallama a gidan Iya Barira. Na same ta tana tsince wake a faifai. Na durƙusa, muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya na yi mata, don ita ma rashin nata ne.

Na ce, "Iya, na zo in faɗa miki wata magana. Irin nan ba Inna ce ta yi sakaci da shi ba. Ni na ƙona. Na zaci layu ne."

Ba ta daina tsintar waken ba. Ta ce, "Ai na sani, Malam. Tun ranar na sani. Ina nan zaune hayaƙin ya tsallako katanga."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa, ana ta zagin ta?"

"Ita ta roƙe ni. Ta ce mijin 'yarta ne, kuma malamin coci. Ta ce in aka ji a bana cewa mutanen coci sun shiga gida sun ƙone amanar matan Musulmi suna waƙa, ba a san inda abin zai tsaya ba. Gara a ce tsohuwa ta ruɗe." Sai ta ajiye faifan, ta dube ni sosai. "Amma ni ma ina da tambaya, ɗan nan. Akwai riɗi a ciki, ƙunshi wajen goma. Ni da nake bayan katanga na ji ƙamshinsa, na ji yana fashewa kamar ana suya. Kai da kake tsaye a kan wutar, ba ka ji ba?"

Amsar ba tata ba ce. Ke zan ba, Inna, domin ke ce mai haƙƙi.

Na ji. Tun a ƙunshi na huɗu na ji. Ƙyallen ya ci wuta ya buɗe, na ga 'ya'yan kabewa suna yin ja, ƙamshin riɗi ya bugi hancina, na kuwa gane ko mene ne. A lokacin sauran suna cikin kwando a hannuna, lafiya lau, sun fi talatin. Amma ga mutum biyu a bayana suna waƙa, ni na kawo su, ni na ce layu ne. Na ji kunyar in juya in ce na yi kuskure. Sai na kife kwandon gaba ɗaya a cikin wutar, na ɗaga murya na kama waƙar tare da su.

Na roƙi Fasto a karanta wannan takarda a majami'a ranar Lahadi, kuma zan bi gidajen matan nan ɗaya-ɗaya in faɗa da bakina, ko da wanda zai rufe mini ƙofa. Ku matan Nariya da kuka ba Laraba ajiya, ba ta ci amanarku ba ko sau ɗaya. Wanda ya yi muku ɓarna sunansa Ishiyaku. In akwai fushi, ga ni, kada a ɗora wa ikilisiya, kada kuma a bar shi a kan kabarinta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matata Salamatu, wadda ta yi rashin uwa tana kuma ɗauke da sirrin miji, ga yayyenta da ƙannenta, ga jikoki, ga zumuntar mata, ga Iya Barira da dukan maƙwabta, Musulmi da Kirista. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya bar zumuncin da ta bari a tsakaninmu.

Inna, Ubangiji Yesu da kika bauta wa da allura da guga ya karɓe ki, ya share miki hawaye, ya ba ki hutawa a wurinsa har ranar tashin matattu. Na tabbata kin gafarta mini tun ban roƙa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Laraba. Ni kuma ka ba ni ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar farko gobe da safe. Amin.

Ishiyaku Tanko
Kibiya, 20 ga Yuni, 2001