Duwatsun Baba Idrisu

Har yau ban manta ranar da mudir, mai shagonmu, ya ƙwace abin sauraron kiɗan Baba Idrisu ba.

A lokacin ni ke kula da shagon, a unguwar Aziziyya, can ƙasa mai tsarki. Aikinmu zanen da ake ratayawa a masaukan alhazai: duwatsu, gajimare, rairayi. Ba mutum, ba tsuntsu, don a nan ba a rataya hoton mai rai. Baba Idrisu ne mai zanenmu. A Sudan ya koyi sana'ar, kuma zamansa a ƙasar a wuyan mudir yake. In aikin ya tafi, iƙama, takardar izinin zama, ta bi shi.

Dattijon ba ya taɓa buroshi sai da kiɗan Turawa na ƙarshen ƙarni na sha tara a kunne, irin wanda taron makaɗa ke somawa ƙasa-ƙasa, su yi ta hawa. Ya taɓa gaya min cewa a zamanin, makaɗa so suke su zana daji da teku da sauti, masu zane kuma so suke launinsu ya yi amo. Kowa na kishin sana'ar maƙwabcinsa.

Gab da aikin Hajji mudir ya ce, "Ya Baba, kiɗa a wannan wata? Ya isa haka, kawo."

Zanen da ya biyo baya bai da aibi ko ɗaya. Mai masaukin da ya ba mu aikin ya duba, ya ce, "Waɗannan duwatsun barci suke yi. Ku mayar." Mudir ya ba Baba mako guda ya gyara, ko ya nemi wani kafilin da zai tsaya masa.

Ran takwas ga wata motocin alhazai suka cika titinmu zuwa Mina, kowace da talbiyyarta: muryar wannan na sauka, waccan na ɗauka. Baba ya ce min, "Malam, buɗe ƙofar nan."

"Sanyin na'ura zai fita, Baba."

"Bar shi ya fita, shi ma ya yi Hajji."

Ya zauna a bakin ƙofa cikin zafi, ya yi ta zane har motocin suka ƙare. Ban ce talbiyya kiɗa ba ce, Allah ya tsare ni. Amma bayan Salla mai masaukin ya kwashe zanen duka, ya ƙaro aiki.

Abin da na koya shi ne, mai zane da kunne yake gani. Mudir kuwa har gobe cewa yake hana kiɗan ne ya jawo albarka.