Jan Launin da Mama Juliana Ta Gani

Mama Juliana tana gasa masara a bakin titin Gonin Gora tun kafin a haifi 'yarta Hephzibah. Mace ce mai kirki, amma magana ba ta kwana a cikinta. Ko masara ɗaya ka saya, sai ka ji cewa 'yarta ta karanta ilimin duwatsu.

Aikin Hephzibah a kwamfuta yake. Inda dutsen ƙarƙashin ƙasa ya tsage, ɓangare ɗaya ya zame ya bar ɗaya, sai ta zuba ma'aunai, kwamfuta ta zana mata yadda dutsen ya gusa. Inda ya gusa da yawa ja, inda bai motsa sosai ba shuɗi.

Wata Asabar Mama ta leƙa ta kafaɗarta, ta ga sunan ƙauyensu zaune a tsakiyar ja. Can baya ƙasa ta taɓa girgiza a yankinsu har bango ya tsage, kuma tsoron bai sake ta ba. Ba ta tambayi yarinyar komai ba. Ta zagaya bayan ɗaki ta kira yayanta Samuel a waya, mai zaune a ƙauye a gidan da mahaifinsu ya gina da hannunsa. Ta ce kwamfuta ta nuna, ya fita kafin ƙasa ta haɗiye shi.

Sai bayan sati biyu, suna tsinke alayyafo, ta faɗa wa Hephzibah abin da ta yi, tana jiran yabo.

"Mama, jan nan ba gargaɗi ba ne," in ji Hephzibah. "Motsin da dutsen ya yi ne tun kafin a yi mutane a wurin. Ni ban san ranar da ƙasa za ta girgiza ba, ba wanda ya sani."

Kunya ta rufe Mama, ta kasa ɗaga kai. Ta ɗauki waya ta kira Samuel.

"Yaya, ka koma gida. Ni ce ban fahimta ba."



"Juliana, ai na cire kwanon rufin na kai gidan suruki, kar ya tafi a banza. Ruwan shekaranjiya ya kwantar da ɗakin Baba."

Har yau Mama Juliana tana gasa masararta. In ka tambaye ta aikin 'yarta, sai ta ce tana ofis, ta juya masara.