Akuyar da Ke Jira a Gaɓa

A Tafoki aka haife ni, kuma a gaban murhun kakata Inna Delu na yi wayo. In an gama tuwon dare sai ta zube mana gyaɗa mu ɓare, ta ja layi cikin toka da yatsa ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matso. Wannan layin gulbi ne."

Gawayi shi ne kura, tsakuwa akuya, guntun kara kuma damin harawa. Wani mutum ne zai haye da su duka, amma kwalekwalensa abu ɗaya yake ɗauka bayan shi. In ya bar kura da akuya, an yi ɓarna. In ya bar akuya da harawa, haka.

Yayana Sule ya yi caraf ya haye da gawayi. Inna ta damƙi gyaɗarsa ta watsa a baki. "Akuya ta cinye harawa, ni na cinye rabonka. Wannan kai naka, ƙwarya ce aka kife?"

Kowa ya gwada, kowa ya yi asarar gyaɗa. Ni ina ta kallon toka. Can na haye da tsakuwa, na dawo na kai gawayi, sannan na ɗauko tsakuwar na maido ta inda ta fito.

"Ke, mi kike yi? Baya kike komawa?" in ji Sule.

"Rufe mana baki," Inna ta ce. "Ƙawata ta gano hanya."

Na kai kara, na dawo na ɗauki tsakuwa. Har na yi furfura ba a ƙara kayar da ni a wannan wasa ba.

Bana mutanen daji, 'yan bindiga, suka matsa mana, gari ya fara watsewa. Ɗana Lawal ya zo daga Faskari da mashin, shi ma mutum ɗaya yake ɗauka. Mu uku ne a gida: ni, da Malam maigidana da ɓarin jikinsa ya mutu, da jikata Hauwa'u, budurwa. Malam ba ya kwana ba mai juya shi. Hauwa'u ba a barin ta a garin nan.

"Iya, ke zan fara kaiwa," Lawal ya ce.

"Ka kai ni in yi mi? Ɗauki yarinyar."

Ya ɗauke ta. Kafin ya juyo, hanya ta rufe. Yau ruwa ya cika rafi, gobe an ce an ga mutanen daji a kan tudu.

Kurar Inna gawayi ce, inda ka ajiye ta nan take zama. Tamu ba mai ajiye ta. Da yamma ina jan layi a toka in sake lissafi, kuma kullum Hauwa'u ce ke fara hayewa. Ban yi kuskure ba.

Abu ɗaya Inna ba ta faɗa mana ba: abin da akuya ke yi a gaɓa kafin kwalekwale ya dawo. Yanzu na sani, don ni ce akuyar da ke jira. Tana juya Malam, tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar mashin, tana addu'a ya zama na Lawal ne, ba na mutanen daji ba.