Jinyar Kwaɗon Randa

Wata huɗu ke nan da rasuwar mai ɗakina, Allah ya jiƙanta. Akwai wani ɗan kwaɗo da ta yi jinya a shekara ta biyu da aurenmu, shi ne ya fi dawo mini a rai.

A lokacin ba a fara ce wa garinmu Suleja ba. Abuja muke, kafin a ɗauki sunan a kai wa sabon birni. Ni tela ne, kekena yana wata rumfa a kasuwa. Ita kuwa daga wani ƙauye ta wajen Garam aka kawo ta, ba ta san kowa a gari ba, kuma ba ta fita. In na tafi da hantsi sai la'asar. Duk abin da take so ta faɗa wa dangina, ni take gaya wa in kai. Ni ne bakinta a garin nan, ba ta da wani.

Tana da randa ta matan Gwari, ta girke ta a gindin ayaba kan yashin da take jiƙawa safe da yamma. Da damina ta kankama sai ga kwaɗon nan a wuyan randar. Ba irin na ƙasa ba ne mai ƙuraje. Bai fi babban ɗan yatsa ba, jikinsa sumul, da rana fari kamar toka, in hadari ya taso ya yi duhu-duhu. Ƙarshen yatsunsa kamar an liƙa masu ƙwayar gero, da su yake hawa bango da ganyen ayaba. Ta ce tun da ya zo ruwanta ya ƙara sanyi. Ban yi mata gardama ba. Nakan dawo in ji tana yi masa magana tana tsince shinkafa.

Ni na ji masa ciwo. Na shigo da ƙishirwa, na ɗaga murfin katako, na sha, na mayar da ƙarfi ban duba ba. Ƙafarsa ta baya ta shiga tsakanin murfi da bakin randa. Fata ta saluɓe, yana jan ƙafar, kafin gari ya waye ta kumbura ta yi ja.

Mai ɗakina ta shiga jinyarsa. Ta ɗauko wata sabuwar tukunya da ba ta taɓa ganin mai ko sabulu ba, ta shimfiɗa ganyen ayaba a ciki, ta zuba ruwan sama ɗan kaɗan, yadda zai jiƙa cikinsa ba zai rufe shi ba. Ta kifa tsohuwar rariya a kai don iska. Ruwan famfo ta ce yana warin magani, sai wanda ta tara daga indararo bayan ruwan farko ya wanke rufi. Sau biyu a rana take canja ganye da ruwa. Ta daina shafa mai a hannunta, har bayan hannun ya yi furu-furu, domin ta ce abin da ke hannunta zai shiga jikinsa. Ta daina turaren wuta. Ta hana ni fesa maganin sauro. Tana kama ƙuda da tafin hannu, tana tono gara a gindin katanga, tana miƙa masa a bakin tsinke.

Kwana huɗu bai ci ba. Ran na biyar ya cafke ƙuda, ta tare ni da labarin tun daga zaure. Ran na tara kumburi ya saɓe, jan ya koma fari-fari, ya hau gefen tukunya da ƙafa uku yana jan ta huɗu.

Ran na goma Juma'a ce, Yaya ya zo.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara takwas. Yana aiki a wani ɗakin shan magani na ƙauye, kuma aikinsa wanke gyambo da naɗa bandeji. Amma a unguwa Likita ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Da farar rigar aiki yake zuwa suna, da ita yake zuwa jana'iza, biro uku a aljihu, biyu ba sa rubutu. Magani ɗaya ya sani, aidin. Mai ƙaiƙayi aidin, mai ƙuna aidin, wata tsohuwa ta kawo masa ciwon kunne ya ɗiga mata. In majiyyaci ya yi ihu sai ya ce magani ya kama. In ya warke, shi ne. In bai warke ba, an makara.

Da jin tsayawar babur ɗinsa ta shige ɗaki ta saki labule. Haka al'ada take, mace ba ta sakewa gaban yayan mijinta. Gaisuwa daga cikin ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa, shi ke nan. Ba ta ambaton sunansa, ba ta ci a gabansa, balle ta mayar masa da magana.

Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, na je ɗebo ruwa. Idonsa ya faɗa kan tukunyar.

“Me kuke ɓoyewa a nan, daddawa?” Ya ɗaga rariyar. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. “Kai! Mutane na kiwon tumaki, ƙanena yana kiwon kwaɗo. Da layya za ku yanka shi?”

Na ce, “Ciwo ya ji, Yaya. Ita ke kula da shi.”

“Da me?”

“Ruwan sama da ganye.”

“Ruwan sama! Ga ma'aikacin lafiya a danginku, kuna jinya da ruwan indararo. In aka ji a gari ai ni kuka kunyata. Miƙo jakata.”

Ya zuge jakar ya shiga jera kaya a kan tabarma, auduga, almakashi, kwalbar aidin ɗin nan mai ruwan ƙasa, yana gyara zaman kowanne kamar zai yi wa sarki tiyata.

Sai na ji an ƙwanƙwasa ƙyaure sau biyu daga ciki. Haka take kirana in akwai baƙo. Na shiga. Tana tsaye bayan labule, hannayenta a haɗe.

Ta ce a hankali, “Malam, don Allah ka ce wa Yaya a bar shi. Ya kusa warkewa.”

Na ce, “Taimako fa zai yi.”

“Fatarsa ba irin tamu ba ce. Ban taɓa ganin ya sha ruwa da baki ba, zama yake a ciki. Abin da aka shafa masa, ya sha ke nan.”

“Yaya ne fa.”

“Na sani. Shi ya sa na ce kai ka faɗa.”

Na fito. Tsakanin labule da tabarma taku uku ne. Yaya ya riga ya jiƙa auduga, ya ɗago kai ya ce, “Me amarya ta ce?”

Na dubi farar rigar, na dubi biron nan uku. Na san biyu ba sa rubutu, ni na ɗinka aljihun. Amma ban taɓa ce masa a'a ba tun ina yaro, kuma na ji tsoron ya ce mace ke juya ni.

Na ce, “Cewa ta yi ta gode.”

“Madalla. Ita ta fi ka hankali. Riƙe tukunyar.”

Na riƙe. Ya damƙo shi da busasshen hannu mai warin taba da man babur. Bai tsaya a ƙafar ba, ya ce a haɗa da ciki da baya don rigakafi. Kwaɗon ya yi wata ƙara siririya, ban san suna da irin wannan murya ba. Labule ya motsa, sa'an nan ya tsaya.

“Ka ji ko? Magani ya kama.”

Ya jefa shi cikin tukunya, ya wanke hannu, ya ce a kawo abinci. Ita ta dafa, ni na ɗauko daga bakin ƙofa. Ya ci tuwo malmala biyu yana ba ni labarin yadda turawan asibiti ke neman shawararsa. Ni ina kallon tukunyar. Ɗan abin ya miƙe ƙafafu, wani farin kumfa ya fito masa a jiki, maƙogwaronsa yana harbawa, yana harbawa, ya daina. Ba a kira la'asar ba.

Yaya ya leƙa, ya taɓa shi da bayan biro, ya ce, “An makara. Da kun kira ni ran farko.” Ya ɗaga murya wajen ɗaki: “Amarya, a yi haƙuri, kwaɗi ba su ƙare a rafi ba!” Ya tayar da babur.

Sai da ƙararsa ta ɓace ta fito. Ta naɗe shi a ganye, ta tona rami a gindin ayaba da bakin wuƙa, ta rufe. Ta wanke tukunyar ta kife. Sa'an nan ta ɗauko mai ta zauna tana shafa wa hannunta, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina shirya abin da zan ce.

Ta ce, “Na ji abin da ka faɗa masa.”

Iyakar maganar ke nan. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi yaji ba, abincina bai taɓa makara ba. Amma daga ranar ba ta sake aike na wurin kowa da magana ba. In tana da saƙo wurin mahaifiyata, sai ta jira maƙwabciya. Da 'yarmu ta fari ta yi wayo, ita ta zama mai kaiwa. Wanda ba shi da mai kaiwa kuwa, ta bar shi a cikinta. Shekara arba'in da wani abu muna tare, nakan ce, “In zan je gidan su wane, akwai saƙo?” Sai ta ce, “A gaishe su.”

Yaya yana nan da ransa. Ran sadakar ukunta aka kawo shi a mota, aka zaunar da shi a kujera a ƙofar gida, kunnensa ya yi nauyi, bakinsa bai yi ba. Bayan an shafa addu'a ya dubi jama'a ya ce marigayiya mutuniyar kirki ce, amma tana da abin dariya. Ya ba su labarin kwaɗon. A bakinsa ya zama sai da ya yi sa'a biyu yana fama, ya ɗaura tsinke a karaya, Allah bai nufa ba. Wasu suka yi murmushi, irin wanda ake yi wa tsoho.

Ya ce, “Amma ta san darajar ilmi. Tun kafin in taɓa shi ta aiko da godiya.”

Na ce, “Ba ta gode ba, Yaya. Cewa ta yi a bar shi.”

Ya kara hannu a kunne. “Me ya ce?”

Mutane suka juyo suna dubana. Jikansa ya sunkuya zai maimaita masa, sai ga masu ta'aziyya daga Lambata sun sauko daga mota, aka tashi ana ba su wuri. Na miƙe na tarye su. Ban sake faɗa ba.