Tsifar Kai a Bakin Tafki

Shekarar da aka yi mini baftisma, Inna ta yi wata bakwai ba ta ce mini uffan ba. Ita ce mai wankan jego da wankan gawar mata a unguwarmu ta Danchuwa, tun Turawa na mulki. Ni kuwa, 'yarta, na je aikin wanke bandeji a asibitin mishan na Potiskum, na dawo da wani addini. Ba ta zage ni ba. Kwanona kawai ta ware, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Wannan shirun ya fi mini duka ciwo.

Sai ƙarshen damina ake baftisma, don a garinmu ruwan rijiya ya fi ƙarfin a yi wasa da shi. Mu shida ne, cikin fararen zannuwa, a bakin wani tafki da shanu suka gama dama shi. Fasto Bature ya shiga har ƙugu, jajir da shi, yana ta karanta Hausarsa ta littafi. Har yau ina jin ƙamshin gero da ya kusa nuna a gonakin wurin, da waƙar da muka rera.

Ana gab da kirana sai na hango Inna ta ratso mutane. Na ɗauka tsine mini ta zo yi a bainar jama'a. Ta wuce ni, ta tsaya a bakin ruwa, ta tambayi Baturen ko wannan abin wanka ne. Ya ce wanka ne na shiga sabuwar rayuwa.

Ta ce, "To ba a wanka da kitso. Ruwa ba zai kai gindin gashi ba."

Ta zaunar da ni a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta zaro tsinke ta hau tsifa. Fasto na tsaye cikin ruwa yana jira. Hannunta babu sauƙi, tana fizga kamar da gayya, ni kuwa ina kuka, ba don zafin ba.

Ba ta tsaya ganin an nutsar da ni ba. Da ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke, gobe ki zo da sassafe in kitse miki. Kada ki yi mini yawo a gari da kai haka."