Iccen da na saida wa mutanen Nepal

Shekara talatin ina saida icce a bakin hanyar da ta fita garinmu ta nufi Bangi, kuma ba ni saida wa mutum sai na san abin da zai dafa. Mai ɗauri guda, tuwon dare ne. Mai ɗauri biyar, suna ne ko sadakar bakwai. Shi ya sa ran nan da hantsi, da baƙi uku sunka tsaya gabana sunka nuna tulin duka, har da kututturan gawo da ke kwance tun bara, na ƙi tashi daga tabarmata.

Masu haƙa foraj ne, rijiyar nan ta inji. Wata huɗu suna gabas da gari da babbar motarsu. Su huɗu ne, gajeru. Mutane na ce musu ƴan Sin, su kuwa suna girgiza kai suna cewa Nepal. Ɗayansu, wani mai giɓi a haƙoran sama, shi ke zuwa sayen iccen shayi kullum, ya haɗa tafin hannu a ƙirji ya ce mini Inna. Ran nan ba ya cikinsu. Na ƙirga su da yatsa, na ɗaga na huɗu. Babbansu ya latsa waya ya ɗora mini a kunne.

Muryar mace ce daga Yamai, Bazabarma, Hausarta ta kasuwa. Ta ce mijinta ɗan ƙasarsu ne, shi ke riƙe da ƙungiyar mutanen Nepal da ke can, masu dahuwa da masu tsaron kanti da masu foraj. In ɗayansu ya kwanta ciwo ko ya rasa aiki ko ya mutu, su ake kira. Ta ce mai giɓi ya rasu jiya da la'asar, ƙarfen inji ya kuɓuce ya same shi a ƙirji. Sun nemi hanyar kai gawa gida, babu, ga nisa ga zafi. Uwarshi ta ce a yi mishi irin tasu, a ƙone shi bakin ruwa a aiko mata da toka. Mutum guda na ƙungiya yana cikin mota da takardar hukuma, amma gawa ba za ta iya jiranshi ba.

Na ce, "A'uzubillahi. Wuta?"

Ta ce, "Inna, ku rufewa kuke, su haka suka tarar."

"Maigari ya sani?"

"Mai kamfanin foraj ya ce zai faɗa mishi."

Ƙanena a Libiya ya mutu. Ƴan ƙungiyar Adarawa sunka wanke shi sunka rufe shi, mutanen da ban taɓa gani ba. Shi na tuna. Na saida musu iccen, na nemo musu amalanke biyu. Abin da ban yi ba shi ne in taka ƙofar maigari in ji da kunnena. Ni da ba ni yarda da awon mai hatsi sai na sake aunawa, na yarda da "zai faɗa". Mai kamfani kuwa tun asuba ya tafi Madawa wajen hukuma, ya ɗauki wani saurayin garinmu da ke musu lebura, bai faɗa wa kowa komi ba, har uwar saurayin.

Ruwa babu a wannan lokaci, sai sunka zaɓi ƙoramar da ta bushe. Kafin azahar hayaƙi ya tashi, da wani wari da ba na akuya ba. Mata masu dawowa daga rijiya sunka leƙa, sunka ga ƙafar mutum cikin wuta. Kafin su kai gari magana ta gama haɗuwa: ɗan wance mai yi musu lebura bai kwana gida ba, ƴan Sin sun kashe shi suna ƙonawa.

Ina zaune maza sunka wuce ni da gudu, da sanduna da adduna. Ɗana na fari ya tsaya, ya sunkuya ya ɗauki gatarina na faskare.

Na ce, "Kai! Aje shi. Nasu ne ya mutu."

Bai ko dube ni ba.

Gwiwoyina ba su gudu, amma ran nan sun yi. Da na isa an riga an watsa wutar. Gawa ta gangaro kan rairayi, rabi baƙi rabi ja, tana hayaƙi. Babbansu yana kwance rub da ciki, hannun damanshi ya karye ya juya baya, ana ta zuba mishi sanda a haƙarƙari. Na biyu yana zaune dafe da fuska, jini na fita tsakanin yatsunshi, abin da ke rataye a kuncinshi ido ne. Ɗana na tsaye kanshi, ƙotar gatari jina-jina. Ƙaraminsu, wanda ya aske kai ya ɗaura farin ƙyalle don shi ne mai sa wuta, an kama ƙafafunshi ana ja zuwa garwashi, bayanshi na saɓulewa kan duwatsu. Wani ya tsiyayo man babur a gora.

"A sa shi ciki! Shi ma shi ji!"

Na ratsa su da gwiwar hannu. Wata sanda ta same ni a kafaɗa, har yau ban san ta wa ba ce. Na faɗa kan ƙaramin na zauna bisa ƙirjinshi. Man babur ɗin ya zubo mana mu biyu, ya jiƙa mini zane.

Na ce, "To, ƙyasta. Iccen nawa ne, ni na saida. Wa ke da ashana?"

Wani daga baya ya ce, "Tsohuwa ta ci kuɗin arna!"

"Na ci. Ubanka ma ya ci, shi ya ba su hayar fili. Matso in ga fuskarka."

Bai matso ba. Ɗana ya ce, "Inna, tashi."

Na ce, "Ka ƙara ɗaga hannu, nonon da ka sha ban yafe ba."

Ya sauke gatarin, amma sauran ba ƴaƴana ba ne, suna ta matsowa. Sai na hango uwar leburan tana birgima cikin rairayi tana kiran ɗanta. Na ce a kawo ta. An riƙo ta har gaban gawa. Na sa wani dattijo ya juya kan da sanda. Leɓe ya ƙone ya janye, haƙora duk a waje, ga giɓin nan.

Na ce, "Duba da kyau. Ɗanki na da giɓi?"

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ba nawa ba ne." Ta juya ta yi amai.

Daga nan sanduna sunka fara sauka. Wasu sunka sulale ta bayan ƙorama. Wasu sunka tsaya suna cewa ko ba namu ba ne, ba a gasa ɗan Adam a ƙasar Musulmi. Maigari da liman sunka iso ana wannan. Liman ya dubi gawar, ya dubi masu jini, ya cire rawaninshi ya ba da a ɗaure kan mai fasasshen ido. Ban tashi daga kan ƙaramin ba sai da maigari ya sa mutanenshi sunka kewaye mu. Ina jin zuciyar baƙon na buga mini a cinya.

Da la'asar jandarmomi sunka zo, tare da mutumin ƙungiya, da mai kamfani, da leburan nan lafiyarshi lau yana cin gyaɗa. Mutumin ƙungiya wani siriri ne mai furfura, takardarshi a hannu, ba wanda ya ƙara bukatar karanta ta. Ya sa an ɗauki biyu zuwa likita a Madawa. Sannan ya tuɓe takalmi, shi da ƙaramin sunka tattara iccen da bai ci ba, sunka mayar da ɗan'uwansu sama, jandarmomi na tsaye da bindiga. Na juya baya, ban kalla ba, ban kuma tafi ba.

Duka ukun sun bar ƙasarmu da rai. Ɗaya ba ido, ɗaya hannu ya shanye. Ƙungiyarsu ta yi jinyarsu wata biyu a Yamai kafin ta sa su jirgi. Bazabarmar ce ta faɗa mini.

Amma kafin motar jandarma ta tashi ran nan, babban jandarmomin ya tara maza ya tambayi wanda ya yi duka. Gari guda, ba wanda ya ga komi. Sai ya ɗaga gatarin daga rairayi.

"Wannan na wa ne?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Hajiya, ke kika fasa mishi ido?"

Na ce, "A'a."

"To wa?"

Ɗana na tsaye taku uku daga gare ni. Na nuna shi.

Wata takwas ya yi a gidan kaso. Da ya fito ya gina ɗaki a bayan gari. Matarshi na aiko mini da fura duk safiya, jikoki na zuwa. Shi kuwa ran salla yakan tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, in amsa daga ciki, ya juya.