Kwana Tara Muna Jiran Jirgin Feshi

Ko na manta duk shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ba zan manta damanar da fara ta tunkaro Adar ba. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, ina akawu a buro, wato ofishin noma na Tawa, ni ke karɓar takardun waya in kai wa shugabanmu.

A lokacin ƙasashen yankinmu sun haɗa ƙungiyar yaƙi da fara. Kowace gwamnati tana zuba kasonta duk shekara, a sayi magani da mai, a riƙe jirgin feshi. Ni kuwa ɓarna na ɗauke shi. Na sha faɗa a wurin shayi cewa gara a haƙa mana rijiyoyi.

Sai makiyaya suka gangaro daga arewacin Tebaram, suka ce 'ya'yan fara sun rufe ƙasa, sauran kaɗan su yi fiffike. Muka buga wa ƙungiyar waya. Amsa ta zo hannuna: jirgi ba shi da mai, ana jiran kason wasu ƙasashe. Shugabanmu ya ninke takardar, ya ce, "Kada kowa ya ji."

Ranar kasuwa mahaifina ya zo daga Affala, janye da bijiminsa. Yana yaro ya ga yunwar fara, ta ci ƙannensa biyu. Niyyarsa ya sayar da bijimin ya sayi hatsi kafin ya yi tsada.

"Ɗana, kai ke ganin takardu. Jirgin na tahe?"

"Yana tafe, Baba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya da bijiminsa gida.

Kwana tara muna jiran jirgin. Ko hadari ne ya taso daga arewa, sai in fito in tsaya ina duba ko ja ne irin na garken fara. Ina lissafa bakunan gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ina tuna cewa da bakina na hana su hatsi.

A rana ta goma muka ji ƙugin jirgi. Ashe ƙasashen sun biya kasonsu. Amma fara ta riga ta tashi, ta cinye rabin gonar Baba kafin a kashe ta. Mun kai wata damana da ƙyar, kuma har ya rasu bai tayar mini da maganar ba.

Tun daga nan na daina raina abin da ake tarawa da maƙwabta don ranar da ba ta zo ba tukuna. Kuma ban sake kwantar wa mutum hankali da ƙarya ba, domin a kan maganata zai yanke abin da iyalinsa za su ci.